Mangwaron da Ya Sha Ruwan Alwala

Abin da ya fara canjawa a unguwarmu ƙarar shara ce. A da, idan gari ya waye, tsintsiya kan yi wani sauti mai laushi a kan ƙasa, shuu, shuu, kurciya na amsa mata daga bisa. Yanzu kuwa ta kowace kusurwa karcen tsintsiya a kan siminti nake ji, har 'yan haƙoran da suka rage mini su yi tsami. Kurciyoyin ma sun tattara nasu ya nasu sun dawo gidana, don a duk layinmu nan Kaura babu inda za su sauka sai a kan mangwarona. Ina zaune a gindinsa nake wannan tunani, kuma a kansa zan yi magana, amma sai na fara rage abin da ke cikina game da gidajen maƙwabta.

Ni mace ce mai shiga gidaje. Barka, gaisuwa, dubiya, ba a bar ni a baya ba, kuma ba na shiga gida in fito ban ƙare wa tsakar gidan kallo ba. Jikokina sun ce ni duba-gari ce da ba a ba ta albashi. To, su faɗa. Akwai gidan wani Alhaji a kan kwana, ya shimfiɗe tsakar gidansa da intalok daga bango zuwa bango, ko wurin da tururuwa za ta yi rami bai bari ba. Ranar da aka gama, jama'a suka yi ta shiga kallo ana sa albarka. Da bazara ta kama, na ga matar gidan tana tsallake tsakar gidanta da ɗage-ɗagen ƙafa, ta manta takalmi a ƙofar ɗaki, ƙasa na gasa ta. Yini suke yi a ƙunshe a ɗaki suna jiran a kawo wuta fanka ta juya. Da damina kuma ruwan da ƙasa ta saba shanyewa ya rasa wurin shiga, sai ya kwararo ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya ci gindin katangar talakan da ke bayansu. Wani kuma ya jera wasu dogayen itatuwa sirara a bakin katanga, kai ka ce 'yan fareti, ga tsawo har su wuce rufi, amma inuwarsu ba ta ishi kaza ba. Akwai wanda ya sayo ciyawar roba ya shimfiɗa, akuyar maƙwabta ta shigo ta gwada, ta fita tana atishawa. Wanda ya dasa durumi jingine da bangon ɗakinsa kuwa, shi ban ce komai ba, saiwa za ta yi masa bayani nan gaba.

Ba duka aka taru aka lalace ba. Akwai wani yaro mai tuƙa keke napep da ke haya a ƙarshen layi, matarsa ta shuka zogale da gwanda a bayan wurin wanke-wankenta, ta kewaye da lalle. Gidan ɗan tsukuku ne, amma idan na shiga sai in ji numfashina ya sauka. Na ce mata, "Ɗiyata, wa ya koya miki?" Ta ce, "Babu kowa, Hajiya, na dai ga ruwan na tahiya banza." Na riƙe hannunta na daɗe ban saki ba, don maganar Innata ce ta fito daga bakin yarinyar da ba ta taɓa ganin ta ba.

Ban cika zargin masu siminti ba, saboda mu ma a zamaninmu akwai masu ganin gidan kirki shi ne wanda aka share shi tas, babu ganye babu tsinke. Gwaggona, yayar Babana, ita ce shugabar masu wannan ra'ayi. Tare da ita muka taso daga ƙauyenmu na wajen Zurmi lokacin da Baba ya samu aikin lodi a tashar jirgin ƙasa. Ina 'yar yarinya, ban wuce ɗaukar ƙaramin tulu ba. Filin da aka ba mu a gefen gari fako ne, ƙasa mai tauri wadda ko fartanya ta sare ta sai ta yi tsalle ta dawo. Baba da abokan aikinsa suka ta da ɗakuna da katanga, Gwaggo ta sa aka daɓe tsakar gida har yana ƙyalli. Kowace safiya ta share shi, ta bi da ido, in ta ga ɗan tsiro ya leƙo ta tumɓuke shi da farce. Daga nesa muna jin kukan jirgi, da ihun lebura, da jakai masu kawo hatsi kasuwa. Amma tsuntsu ko ɗaya ba ya sauka gidanmu.

Inna kuwa ɗiyar masu lambu ce. A bakin gulbi ta tashi, cikin inuwar mangwaro da gwaiba, inda ƙafa ke nutsewa a danshi. Ranar da muka taso, kowa ya ɗauko abin da yake ji da shi. Gwaggo ta rungumo ƙwaryar kaɗinta, Baba ya rataya gafakarsa, Inna ta ɗora wata tsohuwar sakaina a cinya, cike da baƙar ƙasa, da ɗan dashen mangwaro a ciki wanda bai kai tsawon hannuna ba. Mahaifinta ne ya tono mata shi daga gindin babban iccen lambunsa. Duk tsawon hanya ta lulluɓe shi da gefen mayafinta. Ba ta taɓa cewa tana kewar gida ba, ba a san ta da ƙorafi ba, amma na sha ganin ta tsugune gaban sakainar nan tana shafa ganyen da yatsa.

Da lokacin kaka ya wuce Inna ta nemi izinin dasa shi a tsakar gida, sai Gwaggo ta yi tsalle ta dire. Ta ce, "Icce cikin gida? Macizai kika kira muna, da kunamu, da sauro. Kuma wa za shi share ganyen, ni?" Baba bai damu da macizai ba, ruwa ne damuwarsa. Rijiyar unguwa na da nisa, kuma mu yara ne ke ɗaukowa a ka, wuyanmu na sagewa a ƙarƙashin gammo. Ga shi kuma ya riga ya yi niyyar ɗora rumbu a daidai wurin da Inna ta nuna, har ya fara tara tubali. Ya dube ta ya ce, "Ki ji ni da kyau. Ki dasa. Amma ruwan da ɗiyan ga sunka ɗauko bisa kai, ba a ɗiba a ba icce ko ɗigo. In ya kai ruwan hwari na damina da ransa, wurin ya zama nashi. In ya mutu, rumbu za ni ɗorawa, kuma kada in sake jin zancen dashe cikin gidan ga." Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malam, na ji." Gwaggo ta koma kan kaɗinta tana murmushi, don a ganinta an gama magana. Wane icce ne zai ƙetare bazara a kan fako ba ruwa?

Ni da Inna muka haƙa ramin. Mun daɗe muna fama, ita da galma ni da ɗan gwangwani ina kwashe ƙasa. Ta yi shi da zurfi da faɗi fiye da yadda dashen ke buƙata, ta zuba takin awaki da ya daɗe, ta barbaɗa toka saboda gara, ta kewaye shi da ƙaya saboda awakin. Ta auna nisansa da katanga da ƙafa, ta ce saiwa ba ta san zumunci ba, in an kusa da ita sai ta shiga ɗaki. Sannan ta yi wani abin da ban gane ba a lokacin. Ta tona wata 'yar siririyar hanya daga gindin dashen zuwa gefe, ta cika ta da tsingaro da tsakuwa, ta mayar da ƙasa ta rufe.

Akwai wani faffaɗan dutse da Baba ke tsugunawa a kai ya yi alwala kafin ya fita masallaci, yana can jikin katanga kusa da rariya. Cika masa buta aikina ne. Wata safiya yana shirin fita, Inna ta ce, "Malam, wurin alwalar ga shina jiƙa gindin katanga. Dibi yadda ƙasa ka zubewa." Ya duba, kuma gaskiya ne, gindin ya fara rubewa. Ya ce, "To, mi kika so a yi?" Ta ce, "A ɗaga dutsen a matso da shi tsakiya." Da hannunsa ya ɗauke shi, ya tambaye ta ina za a aje, ta nuna masa da ƙafa. Daidai kan bakin hanyar tsingaron nan. Daga ranar, duk ruwan da ya sauko daga fuskar Baba da hannuwansa da ƙafafunsa, sai ya sulale ta ƙarƙashin dutse ya tafi inda aka yi masa hanya. Inna ma nan take yin tata, ni ma da na fara koyon salla nan nake tsugunawa. Ruwan wanki da na wanka mai sabulu kuwa ba ta yarda ya kusanci wurin ba.

Gwaggo ba ta da saurin yaudaruwa. Ba a jima ba ta lura ƙasar gindin dashen kullum da ɗan duhu. Ta tare Baba a bakin zaure ta ce, "Kai, wanga ai wayo na! Ka ce kada a ba icce ruwa, ga shi an sa kai da kanka kana ba shi." Baba ya gyara hularsa ya ce, "Yaya, ni alwala niy yi. Inda ruwan yat tahi bayan nan, ba ni da iko da shi." Ta ce to ita ba da ita ba. Tun daga ranar ta riƙa ɗaukar butarta ta tafi can lungun da ya fi ko'ina nisa, ta juya mana baya, ta yi alwalarta a kan busasshiyar ƙasa don kada ɗigo ɗaya ya yi kuskuren zuwa wurin abokin gabarta. Allah ya jiƙan Gwaggo, ba ta yin abu rabi-rabi.

Sai bazara ta zo, kuma ta wannan shekara ba ta zo da wasa ba. Rijiya ta ja baya har guga na dawowa da laka. Muka koma zuwa gulbi muna tona yashi, mu jira ruwa ya tsattsafo mu kwasa da ƙoƙo. Aka rage na girki, aka rage na wanka, randa ba ta cika sai dai a ga gindinta. Ɗan ruwan alwala da ke isar dashen a lokacin sanyi, yanzu kafin ya isa saiwa fako ya shanye rabi. Ganyen ya fara ƙonewa daga baki-baki, ya nannaɗe, ya riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta yi masa 'yar rumfa da tsohon zana, ta rufe gindin da ƙaiƙayi, amma kowace safiya sai mu ga ya ƙara tsiraita. Wata rana da azahar na ga ta tsaya a bakin randa da moɗa a hannu, babu kowa a tsakar gida sai ni. Ta kalli moɗar, ta kalli dashen, ta daɗe a haka. Sannan ta mayar da ruwan cikin randa ta rufe da faifai. Ta ce mini, "Na ce mishi na ji." Ranar na shiga bayan ɗaki na yi kuka, haushin Baba ya cika ni, ina ganin babu mai taurin zuciya irinsa a duniya. Tubalinsa na nan a jere kusa da ƙayar, Gwaggo kuma ta fara lissafa irin dawar da rumbun zai ci.

Ni ce mai cika buta, don haka ni na fara lura. Baba mutum ne mai alfahari da riƙe alwala. Yakan yi ta azahar ta kai shi la'asar, ta magariba ta kai shi lisha, har yana yi wa abokansa tsiya cewa su ba su iya riƙewa ba. To a tsakiyar wannan zafi sai ya canja. Kowace salla sai ya miƙo mini buta. Ya dawo daga masallaci da magariba, an jima kaɗan ya sake tsugunawa a kan dutse. Bai ƙara yawan ruwan da yake zubawa ba, don yana tsoron ɓarna a alwala, amma ya ƙara yawan zuwa. Ranar da ba shi da aikin safe kuma sai ga shi da sallar walaha, wadda ban taɓa ganin ya yi ba. Kuma randa ba ta ragu fiye da da ba, saboda ya daina wanka a gida, ya ce a tasha yake yi, a gindin tankin da jirgi ke shan ruwa. Kasonsa na wanka ne yake juyewa a buta kaɗan-kaɗan.

Gwaggo ta zuba masa ido kwana biyu, sannan ta kasa haƙuri. Yana tsugune yana shafar kai ta ce, "Kai ƙanena, yaushe ka zama waliyyi ba mu da labari?" Bai ɗago ba. Ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, a hankali, ya girgiza butar har ɗigon ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, lada nika nema." Na waiwaya wajen Inna. Tana bakin murhu, ta ja gefen zanenta ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, idanunta sun cika da ruwa. Shi kuwa bai kalli inda take ba. Har suka bar duniya ban taɓa jin ɗayansu ya ta da zancen ba.

Ruwan farko ya sauka da yamma, da iska da ƙamshin ƙasa, muka fita muna tsalle a cikinsa har aka kore mu ɗaki. Da safe Gwaggo ce ta riga kowa isa wurin ƙayar, sai muka ji muryarta har zaure: "Ku zo ku gani! Ya ƙone ƙurmus, ganyen ya yi ja ya langaɓe!" Na fito a guje. Muka taru. Tsofaffin ganyen duk sun zube, saura 'yan ƙalilan, amma a can ƙololuwa ga wasu 'yan ganye jajaye, masu taushi, sun rataya kamar kunnen ɗan akuya. Gwaggo mutuniyar tudu ce, gero da dawa ta sani, ba ta taɓa ganin tohon mangwaro ba, ba ta san da ja yake fitowa ba kafin ya koma kore. Inna ta sani, amma ta kame bakinta. Baba ya tsuguna, ya sa yatsa ya taɓa tohon, ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe sai ya ce da ni, "Kira yaran maƙwabta su kwashe tubalin ga, a kai bayan ɗaki. Can za a yi rumbu." Inna, wadda ko dariyarta ba a ji daga zaure, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, ko ranar da na sauka daga Makka.

Gwaggo ta yi fushi na ɗan lokaci, ta ci gaba da kai butarta lungu. Amma shekarar da iccen ya fara yin inuwa, tabarmarta ce ta fara sauka a gindinsa, kuma babu wanda ya isa ya matsar da ita. In baƙi sun zo sai ta ɗaga kai ta ce, "Iccenmu na, mun sha wahala kansa." Ita ta sha ɗan fari, ruwan na bin gwiwar hannunta. Matan unguwa suka riƙa zuwa karɓar ƙwallon mangwaron, Inna na nuna musu yadda ake binne tsingaro, har aka wayi gari layinmu ya yi duhu da inuwa. Yawancin waɗannan itatuwa su ne aka sare a 'yan shekarun nan aka zuba siminti a gurbinsu. Lambun kakana kuwa rabona da shi an daɗe, hanyar ba ta biyuwa yadda ake so yanzu, kuma an ce mini gulbi ya ci wurin. Abin da ya rage na wannan lambu a duniya shi ne wanda nake jingine da shi.

Gidan ya faɗo a rabona, kuma babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, shi ke zaune da ni da iyalinsa. Bara ya shigo da magina da igiyar awo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da ita: yana so a yi intalok, a sare iccen don ganye ya yi yawa kuma mota na buƙatar wuri, a kafa famfo da bututun da zai kai ruwa kwata. Ban yi faɗa ba. Na ce maginan su je su sha ruwa a zaure, na ce shi kuma ya zauna a kan dutsen nan. Na ba shi labarin tun daga sakaina har zuwa guɗa. Bai san kakansa sosai ba, yana ƙarami Baba ya rasu, abin da ya riƙe kawai shi ne tsoho mai faɗa. Da na gama ya daɗe yana kallon dutsen da ke ƙarƙashinsa, wanda ƙafafun Baba suka lotsa. Ya tashi ya kira maginan. Intalok ya tsaya daga ƙofa zuwa inda mota ke kwana, sauran ƙasa aka bar ta tana numfashi. Famfon kuwa a kan dutsen aka kafa shi, babu bututu, babu kwata.

'Yarsa ƙarama ta binne ƙwallo a gefen dutsen da damina, ya tsiro, yanzu ya kai tsawon hannunta. Bazarar bana ta matsa masa, famfo na yin kwanaki bai kawo ba, ganyen ya fara nannaɗewa. Shekaranjiya uban ya dawo daga sallar magariba, ya zauna muna hira, ban ga ya tashi zuwa ko'ina ba. Da aka kira lisha sai ya miƙe ya ɗauki buta, ya tsuguna a kan dutsen, ya juya wajen ɗan dashen, yana zuba ruwa a hankali. Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Ba yanzu kay yi alwala ba?" Ya ci gaba da alwalarsa, bai kalli inda nake ba.

Na ja gefen mayafina na rufe baki.